Ɗakin Kara da Kogon Kuka: Nazari a Kan Maɓoyar Yara a Ƙasar Daura

Wasannin yaran Hausawa ba su rasa masu tattara su ba. Tun farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, daga baya kuma ɗaliban jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suka yi ta rubuta kundaye a kan langa da gaɗa da tashe. Sai dai abin da ya fi samun shiga takarda shi ne wasan da ke da waƙa, ko mai doka da ci da faɗuwa, ko wanda ake yi a dandali a idon jama'a. Akwai wani wasa da ba shi da ko ɗaya cikin ukun nan. Ba a rera masa waƙa, ba a cin kowa a cikinsa, kuma sharaɗinsa na farko shi ne kada babba ya gani. Wannan shi ne gina 'yar bukka, ko neman wani lungu da yara za su mayar nasu. Shi muke son mu nazarta, kuma mun tsaya a Daura: unguwar Kusugu da ke cikin tsohon gari, da ƙauyukan masarautar da suka bazu a ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure. A nan tazarar da ke tsakanin matsattsen birni da buɗaɗɗiyar gona ba ta da yawa, saboda haka ana iya ganin fuskokin wasan duka a wuri guda.

Ma'anar kalmomi

Da kalmar maɓoya muna nufin duk wani ƙaramin wuri da yara suka gina, ko suka tarar suka gyara, suna komawa gare shi a kai a kai, kuma su ke da ikon cewa wane ya shiga, wane ya tsaya a waje. Sharuɗɗa uku ke nan: gyara, da komawa, da iko da ƙofa. Da su za a bambanta ta da wurin laɓewa a wasan ɓuya. Mai ɓuya yakan shige bayan randa na ɗan lokaci, da an gano shi wurin ya tashi daga aiki. Ita kuwa maɓoya takan yi kwanaki ko makonni, ana share ta, ana ajiya a cikinta, ana faɗa a kanta. Su yaran ba da wannan suna suke kiran ta ba, abin da ake ji a bakinsu shi ne "ɗakinmu" ko "gidanmu". Da wasa muna nufin aikin da ake yi don daɗinsa, ba don a ci ko a sayar ba, wanda mai yin sa ke iya bari duk sa'ad da ya ga dama. Ƙuruciya ta kama daga yaye zuwa balaga, amma zangon da ya shafe mu ya fi haka ƙunci: daga wajen shekara 6 ko 7, lokacin da aka saba yi wa yaro kaciya kuma ake fara aiken yarinya, zuwa wajen shekara 12 ko 13. Tuni kuwa shi ne abin da babba ke iya dawowa da shi a zuciya daga wancan zamani.

Yaro a gidan Bahaushe

Ba za a gane ɗakin wasa ba sai an gane ɗakin gaske. Gidan Bahaushe na gargajiya, a Kusugu yake ko a ƙauyen Zango, an tsara shi ne a kan tambayar wa zai wuce ina. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Aminin maigida na iya ratsa farfajiya ya kai shigifa. Cikin gida na mata ne da muharramansu, kuma a can kowace matar aure tana da ɗakinta da gadonta da jerenta, maigida mai hali kuma yana da turaka. Rago yana da turke, kaji suna da akurki, hatsi yana da rumbu. Wanda ba a ware wa wuri ba shi ne yaro. Yana ƙarami ɗakin uwarsa ne makwancinsa. Bayan kaciya da 'yan shekaru, bisa koyarwar hadisin nan da ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, sai a fitar da shi zaure ko shago, inda zai kwana da sa'o'insa da duk baƙon da dare ya yi wa. Yarinya kuwa tana ɗakin uwa ko na kaka har ranar da za a kai ta nata. Tsakanin barin ɗakin uwa da samun na kai akwai shekaru masu yawa.

A cikin waɗannan shekarun yaro yana da wani 'yanci da babba ba shi da shi. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ke ratsa gidaje ba shamaki: su ne 'yan aike, su ne 'yan talla, su ke kai kwano su dawo da labari tsakanin matan kulle. Abin da ta gani a Kano, duk wanda ya tashi a cikin Daura ya san shi. Addini ma ya yi musu wannan sassauci, domin aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku ne da yaran da ba su balaga ba za su nemi izini kafin su shiga wa manya, wato kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan Isha'i, sannan aya ta 59 ta ɗora musu cikakkiyar dokar neman izini idan sun balaga. Ke nan yaro mutum ne mai shiga ko'ina, amma babu inda yake da ikon hana wani shiga. A ganinmu daga nan maɓoya ta samo tushe. Ba gudun gida ba ce. Ita ce wuri na farko da yaro ke tsayawa ta cikin ƙofa, wani na waje yana yi masa sallama.

Ire-iren maɓoya

Mun kasa maɓoya gida uku bisa yadda bangonta ya samu: samammiya, da ginanniya, da shatacciya. Samammiya ita ce wadda yara suka tarar da ita a tsaye, nasu gyara ne kawai. Ita ta fi yawa a Kusugu da sauran unguwannin cikin gari, inda katanga ke jingine da katanga, kuma kowane taku na ƙasa da mai shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kangon da magada ba su raba ba, soron da ya rufta rabi, matsattsen lungu tsakanin gidaje biyu, bayan tarin azara, gefen kududdufi inda tumfafiya ta yi duhu. Ita rijiyar Kusugu kanta ba ta taɓa zama wurin irin wannan wasa ba, domin tana cikin gini, da mai kula da ita, baƙi kuma suna zuwa kallo. Amma labarinta yana cikin kunnen kowane yaro a unguwar: macijin nan Sarki da ke kwance a ciki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi a zamanin Daurama. Ba mu ce labarin ne ya haifi wasan ba. Abin da muke cewa shi ne yaron da ya tashi yana jin sa ya san tun da wuri cewa rami mai duhu yana iya samun mai shi, kuma mai ramin ne ke yanka doka.

A ƙauye samammiyar maɓoya ta fi yalwa, kuma tana bin yanayin shekara. Akwai ƙarƙashin rumbu, wanda ake ɗorawa a kan duwatsu don gudun gara da laima, sai ya bar sarari daidai rarrafen yaro. Akwai tsakiyar kurmin geza ko sabara ko kalgo, inda rassa ke saukowa ƙasa su bar fili a ciki. A watan Agusta, idan gero ya fi tsawon mutum, taku goma cikin gona ya isa a ɓace wa duniya. Da kaka kuma manoma sukan jingina damman kara a gindin bishiya, sai ya zama an yi wa yara ɗaki ba da niyya ba. Wanda ya fi duka daraja shi ne kogon kuka. Tsohuwar kuka takan yi rami a cikinta da zai ɗauki yara da dama a zaune, da sanyi a bazara, da kariya daga iskar hunturu. Amma kuka da tsamiya itatuwa ne da al'ada ta ce iskoki ke zama a cikinsu, kuma iyaye sun yi ta gargaɗi a kansu. Wannan tsoro shi ne ƙyauren kogon. Ba kowane yaro ke iya shiga ba, wanda ya shiga kuwa ya sami abin da zai riƙa yi wa sa'o'insa gori da shi har damina ta zagayo.

Ginanniya ita ce wadda yara suka tayar da hannunsu, kuma lokacinta daga Oktoba ne zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da aka girbe gero da dawa, kara ya zube a gonaki. A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin aikin yana da tsari. Da farko a share wuri, a shata da'ira da dunduniya. Sai a tona 'yan ramuka a kan da'irar da tsinke ko gwangwani, abin da ba shi da wuya a ƙasar Daura mai rairayi. Karan dawa ake kafawa, don ya fi na gero kauri da tsawo. Na gero shi ake cike tsakani da shi. A tattaro kawunan karan a sama a ɗaure da ɓawon kalgo ko kaba ko ragowar igiyar rama. Daga nan sai tanka, wato karan da ake gittawa a kewaye ginin ana ɗaurewa a kowace mahaɗa. A wurin tanka ake gane yaron da ya taɓa tsayawa kusa da masu yin jinka, domin wanda bai sani ba yakan tsallake ta, iska ta farko kuma ta kwantar masa da aikin. Rufi kuwa abin da hannu ya kai ne: ganyen kara, tsohon bunu, yagaggiyar zana, tsumman tabarma. Ƙofa ƙarama ake yi, wadda sai an rarrafa, kuma ana juya ta ta ba hanya baya. Yaran da suka ƙware sukan juya ta kuma ta kauce wa arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa.

Babu malamin da ke koyar da wannan, amma darussan da ke ciki na gaske ne. Yaro yakan gane da hannunsa cewa busasshen kara ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Cewa idan aka faɗaɗa da'ira sai rufin ya yi ƙasa, idan aka matse ta sai a rasa wurin zama. Cewa ƙulli ɗaya mai kyau ya fi goma na gaggawa. Abin da magina da masu baibaya ke aiki da shi ke nan. Da damina, lokacin da kara ya ƙare, aikin yakan koma na ƙasa: a tara jiƙaƙƙen rairayi a kan ƙafa, a daddaɓe, a zare ƙafar a hankali a bar ɗan ɗaki, ko a ɗebo laka a kududdufi a gina gida da zaure da rumbu. Wannan ba ya cika sharuɗɗanmu, tunda ba a shiga cikinsa, saboda haka muna ɗaukar sa ƙanen maɓoya ne kawai.

Shatacciya ita ce wadda bangonta layi ne a ƙasa, kuma ta fi yawa a hannun 'yan mata. Tun da wuri ake taƙaita wa yarinya nisan yawo idan ba aike ko talla ba, saboda haka nata ɗakin yakan kasance a cikin gida, bayan rumbu ko kusa da turke. Ta ja layi da tsinke ko ta jera tsakuwa, ta bar giɓi ta ce nan ne ƙofa. Ciki kuwa ya sha jere: fasasshen kwano, gwangwanin tumatir, murafan kwalba, da 'yar tsana a goye ko a kwance. A gefe ga murhu na duwatsu uku ana tuwon ƙasa da miyar ganye. Mai kallo zai ce wannan ce mafi rauni cikin ukun, tunda ba ta da rufi kuma ba ta ɓoye kowa. Mu kuwa muna ganin ita ce ta fi bayyana asalin lamarin. Ƙanen da ya tsallako layin maimakon ya bi ta giɓin nan take zai ji, "Kai, ka taka mana bango! Koma ka yi sallama." Babu abin da ya tare shi sai doka, kuma dokar ta isa. Ba mamaki 'yan mata su fi riƙe ta, domin a gidan Bahaushe ɗaki na mace ne, kuma yarinya ta san wata rana za a yi mata jere na gaske.

Mulkin ƙofa

Masana a ƙasashen Turawa sun yi nazarin wannan ɗabi'a. Roger Hart, a littafin da ya fitar a 1979 bayan ya zauna da yaran wani ƙaramin gari a jihar Bamont ta Amurka, ya lura cewa yara sun fi gini a filin da manya suka yi wa sakaci, inda akwai tarkacen da za a ɗauka. David Sobel, a nasa na 1993, ya kwatanta yaran Debon a Ingila da na tsibirin Kariyaku a yankin Karibiyan, ya ga sha'awar ta fi ƙarfi tsakanin shekara 8 da 11, ya kuma fassara ta da cewa yaro ne ke neman keɓe kansa don ya san ko shi wane ne. Shekarun sun yi daidai da namu, batun filin sakaci ma haka. Fassarar ce muke ganin ba ta zauna daidai a ƙasar Hausa ba. A nan yaron da ke keɓewa shi kaɗai a kango ba a ce masa mai tunani; tambaya ake ko lafiya, wata tsohuwa ma ta fara zancen iska. Maɓoyar Bahaushe ta ƙungiya ce. Abin da ake nema a cikinta ba kaɗaici ba ne, jama'a ce ƙarama wadda babba ba ya cikinta.

Ƙaramar jama'ar nan tana da shugabanni. Sau da yawa shugaba shi ne babbansu, ko mai wuƙa, ko wanda a gonar ubansa aka yi ginin. A Daura, inda yara ke ganin hawan Sallah da na Sallar Gani suna fita daga fadar Kangiwa, ba a rasa sunayen da za a ara: wannan sarki, wancan Galadima, wancan Kaura, mai ƙarfi cikinsu dogari. Sarautun da M. G. Smith ya bi diddiginsu a littafinsa The Affairs of Daura na 1978, ga su a cikin ɗakin da bai kai tsawon ƙirjin mutum ba. Ƙaramin cikinsu shi ne ɗan aike kuma mai gadi. Ana shiga da fito na musamman ko da sallama, baƙo kuma sai ya zo da abin hannu, ko goruba ce ko aduwa ko ƙunshin gyaɗa. A ciki ake ɓoye danƙon harbin tsuntsu da tarko da motar kara da ƙwallon tsumma. Kusan kowace bukka tana da 'yar kafar leƙe, abin da ya yi daidai da ra'ayin Jay Appleton na 1975 cewa ɗan Adam yana son wurin da zai gani ba a gan shi ba. Da dalili kuwa, domin yaran wata unguwa na iya kawo hari su rushe ginin su kwashe ajiya, kuma ramuwa wajibi ce.

Iyaye ba su taɓa sakin jiki da wannan wasa ba, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba. Tarin kara makwancin kububuwa ne da kunama. Ashana ɗaya da aka sato don gasa fara ko gyaɗa ta isa ta tayar da gobara a hunturu, a ƙauyen da danga ke haɗe da danga. Bangon kango yakan faɗi da marka. Akwai kuma dokar magariba, da gudun kada maza da mata da suka fara tasawa su keɓe a inda ido ba ya kaiwa. Duk da haka hanin bai cika zama na gaske ba. Uwa ta san inda ɗakin yake, domin da za a ci abinci can take tura a kira su. Tana yin kamar ba ta sani ba ne.

Inda wasa ya tsaya

Ma'anar da muka ba wasa tana tilasta mana mu ware wasu bukkoki da suka yi kama da maɓoya amma ba ita ba ce. Yaron da aka ɗora a kan rumfa a tsakiyar gona yana korar tsuntsaye daga gero ba shi da ikon sauka sa'ad da ya so. Haka ɗan makiyayi da ya kafa 'yar inuwa da sanda da mayafi yana duban garke. Wanda ya fi bayyana shi ne almajirin tsangaya. Tsangaya ita ce mazaunin malami da ɗalibansa na Alƙur'ani a bayan gari, kuma a al'ada da kara da zana ake yin ɗakunanta, almajiran ne kuma ke ginawa. Kayan aikin ɗaya ne, tankar ɗaya ce, shekarun maginan ma ɗaya ne. Amma ɗan gari idan sanyi ya yi tsanani sai ya bar bukkarsa ya tafi gida, almajiri kuwa nan ne gidan. Duk mai kwatanta su biyun ba tare da ya faɗi wannan ba ya yi wa ɗayansu rashin adalci. Sai dai iyakar ba ta rufe ruf ba: mai tsaron gona yakan kira abokansa su mayar da rumfar fada, kuma sau da yawa ɗan gari a wurin almajiri yake koyon ɗaurin da ba ya kwancewa.

Abin da ake tunawa

Frederic Bartlett ya nuna a 1932 cewa tuni ba ɗauko abin da aka ajiye ba ne yadda yake, sake harhaɗa shi ake yi duk lokacin da aka tuna. Zancen manya a kan maɓoyarsu yana gaskata shi ta hanyoyi da dama. Ɗakin yakan ƙara girma a baki: kogon da aka ce ya ɗauki yara goma, in aka koma aka duba, da ƙyar babba ɗaya zai durƙusa a ciki. Yakan ƙara tsawon rai: bukkar da awaki suka cinye cikin mako guda sai ta zama ta shekara. Sannan abin da ya fi zama a zuciya shi ne ginin, ba zaman ba. Mutum zai faɗi inda aka sato igiya, da wanda ya hau wuyan wane aka ɗaure sama, da ƙaiƙayin ganyen dawa a wuya, da ƙanshin busasshen kara da rana ta gasa; in aka tambaye shi abin da suke yi bayan an gama, sai ya yi shiru ya ce zama kawai. Wannan yana nuna mana inda daɗin yake. Shi ya sa rushewar bukka ba ta cika zama abin kuka ba, sai in abokan gaba ne suka rushe ta.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji Hausawa, kuma mai nazari ya kamata ya yi hattara da wannan. Tunin maza da na mata ba iri ɗaya ba ne. Namiji yakan ba da labarin yini guda a bayan gari; mace takan tuna jeren da ta bari rabi saboda an kira ta ta karɓi goyo ko ta ɗauki farantin talla. Wanda ya yi sarki yana tuna daɗi, wanda aka bari a waje don ba shi da goruba ba ya cika ba da labarin. Idan aka tara tunin waɗanda suka fi son magana kaɗai, za a sami ƙuruciyar da ta fi ta gaskiya kyau.

Daura ta yau

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 garin Daura yake faɗaɗa, faɗaɗar kuma ta ƙara sauri a shekarun mulkin Muhammadu Buhari daga 2015 zuwa 2023, lokacin da aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, aka kuma fara aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Gonakin da ke bakin gari sun zama filotai. Kara, wanda a da ake bari a gona, yanzu abincin dabbobi ne da makamashi, ana ɗaure shi a sayar, kuma manomi ba zai yi dariya ba in ya tarar an kwashe masa dami. Lokacin yaro ma ya cika: tun shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 boko ta karɓi safiya, Islamiyya ta karɓi yamma, allo yana nan da asuba ko dare, abin da ya rage kuma waya da gidan kallon ƙwallo suna jira. Sai tsoro. Daura ta fi yammaci da kudancin jihar kwanciyar hankali, amma sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa a watan Mayun 2019, da kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, sun sa uwar da a da take kawar da kai yanzu tana son ta ga ɗanta da idonta.

Duk da haka wasan bai mutu ba, kayan aikinsa ne suka sauya. A ƙauyukan Baure da Zango har yanzu ana kafa kara da kaka. A cikin gari kuwa kwali da buhun siminti da tsohuwar taya da yagaggen gidan sauro sun maye gurbin zana da bunu, 'yan mata kuma suna jere da robar lemo da murfin maganin shafawa. Babbar maɓoyar wannan zamani ita ce kangon bulo, wato gidan da aka fara aka kai linta kuɗi suka yanke. Yana cika sharuɗɗanmu biyu, komawa da iko da ƙofa, amma ya raunana na farko, domin bango da ƙofa da taga duk an gama su, hannun yaro ba shi da abin ɗaurawa. Samammiya ta rinjayi ginanniya ke nan. Kuma kangon bulo ba na yara kaɗai ba ne: da dare samari masu shaye-shaye na iya amfani da shi, saboda haka yaron da aka gani yana fitowa daga ciki da rana yakan gamu da tuhumar da ubansa bai taɓa gamuwa da ita ba sa'ad da yake fitowa daga tarin kara. Mai kangon ma in ya zo duba gininsa ya tarar da tabarmar kwali da murhun wasa, abin da yakan biyo baya shi ne a toshe ƙofar da bulo ko a ɗauki maigadi.